Yadda Ake Horar da 'Yan Rawa Biyu Har Su Isa Shiga Gasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan koroso suna cashewa ya san abin da yake fara shiga kunne. Kafin sarewa, kafin ganga, ƙarar koroson da aka ɗaure musu a ƙafa ce. Idan mutum biyu suka haɗu da gaske, ƙafa huɗu ce a fili amma sauti ɗaya za ka ji: cas, cas, cas. Idan ba su haɗu ba sai sautin ya rabe, caras, caras, kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha. Alƙalin gasa ma da wannan yake fara auna su, tun bai gama kallon kayan jikinsu ba.

Na daɗe ina koyar da yaran unguwa da 'yan makaranta rawar biyu-biyu a nan birnin Kano, waɗanda ba da rawa suke ci ba: ɗalibai, masu koyon ɗinki, yaran kanti. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da nake bi daga ranar da aka zaɓi mutum biyu har ranar da aka kira su fili. Da koroso nake misali domin ita ce tamu, kuma asalinta ma biyu-biyu ake yin ta. Amma zan riƙa ɗauko wasu abubuwa daga tsarin gasar rawar biyu-biyu ta duniya, saboda sun daɗe suna tace yadda ake auna mutum biyu a fili, kuma akwai abin amfani a ciki.

Fara da gida

Kada ka koya wa yaro taku ko ɗaya kafin ka ga mahaifinsa. Na taɓa zuwa wajen wani dattijo a Ɗorayi bayan sallar isha'i, na same shi a ƙofar gida. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yaron nan naka Allah ya ba shi kunnen kiɗa. Na zo roƙon a ara mini shi kwana uku a mako." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, da wa zai yi rawar? Kuma ƙarfe nawa zai dawo mini gida?" Duk uban da za ka je wajensa, waɗannan tambayoyi biyu ne a bakinsa, don haka ka tafi da amsarsu a hannu. Idan yarinya ce, mace ce za ta shiga wajen mahaifiyarta, sannan a nemi yardar uba.

Amsar tambayar farko ita ce ginshiƙin komai a garinmu. Manyan ƙungiyoyin al'adu suna da nasu tsari. Ni da nake aiki da 'ya'yan mutane, ina haɗa namiji da namiji, mace da mace a ƙarƙashin malama mace, ko wa da ƙanwarsa. Wannan bai rage wa rawar komai ba. Ko a Ingila, a gasannin yara akwai rukunin da 'yan mata biyu suke rawa tare, ɗaya tana ja ɗaya tana bi. Kuma in har wasan naku zai fita bainar jama'a ko za a ɗauke shi a bidiyo a watsa, ka tuna Hukumar Hisbah da Hukumar Tace Fina-finai suna da ta cewa. Ka je ka tambaya tun da wuri, ka faɗa wa iyaye ka tambaya.

Amsar ta biyu kuwa: bayan la'asar a fara, kafin kiran magariba kowa ya kama hanya. Ranar da ka saɓa wannan sau ɗaya, ka rasa yaron.

Wa za a haɗa da wa

A nan na fi son mu daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure, kuma ni ma na yi. Shekarar da na fara, na ɗauki yara biyu da suka fi kowa iya rawa a cikin goma sha biyun da nake da su na haɗa su, ina ganin an gama. Wata uku muna fama. Kowannensu ya saba idon jama'a a kansa yake, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa sauke ƙafa. Ranar gasa, wasu wa da ƙani da ba su kai su gwaninta ba suka wuce su, saboda su sautinsu ɗaya ne. Tun daga nan na canza yadda nake zaɓe.

Ga yadda nake yi yanzu. Mako biyu na farko ba na haɗa kowa da kowa. Kowace rana ina jujjuya su, wannan ya yi minti biyar da wancan, sannan a sauya. Ina zaune gefe da littafi ina duba abu huɗu.

Na farko kunne. A sa kiɗa, kowa ya tafa a kan bugu. Akwai mai riga bugu, akwai mai zama daidai a kansa, akwai mai ɗan jinkiri. Wannan ɗabi'a ce, tana gyaruwa amma a hankali. Mai gaggawa da mai jinkiri in ka haɗa su, wata biyu za ka ɓata kana sulhunta ƙafafunsu.

Na biyu tsawo da nauyi. Kada tazarar tsawonsu ta wuce taƙi ɗaya, domin tsawon ƙafa shi yake yanke faɗin taku. In akwai ɗagawa a rawar, mai ɗagawa ya fi wanda ake ɗagawa nauyi da ƙarfi a fili, ba da ƙyar ba.

Na uku, abin da mutum yake yi idan an yi kuskure. Wani zai yi dariya ya ce a sake. Wani zai harari abokinsa. Mai harara yana iya zama gwani shi kaɗai, amma sai ka yi aiki a kan halinsa kafin ka ba shi abokin rawa.

Na huɗu kuma shi ne wanda masu koyarwa suke rainawa: nisan gida. Yaron Kurna da yaron Hotoro, duk iyawarsu, kuɗin adaidaita sahu zai raba su kafin wata biyu. 'Yan unguwa ɗaya kuwa za su yi bita a soro ko a tsakar gida ba tare da ka sa su ba. Ka duba shekaru ma. A tsarin duniya, rukunin yara da matasa ana yanke shi ne da shekarun babban cikinsu, kuma masu shirya gasar makarantu a nan ma sukan raba firamare da sakandare. Kada ka haɗa ɗan aji shida na firamare, wanda zai bar rukunin baɗi, da wanda yake ƙasa da shi a aji, sai dai in ka shirya su haura tare.

In ka zaɓa, ka zaunar da su biyun ka ce musu gwaji ne na wata ɗaya. Bayan watan, ka tambayi kowa shi kaɗai ko yana son ci gaba. Wanda aka tilasta masa aboki ba ya sakin jiki.

Wuri da lokaci

Daɓen ƙasa mai laushi da aka share aka yayyafa wa ruwa ya fi siminti sauƙi ga gwiwa. Tayil kuwa a guje shi, yana da santsi, musamman in gumi ya zuba. Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi, ya isa. A watan Afrilu da zafin Kano yakan haura digiri 40, a mayar da bitar Asabar da Lahadi bayan sallar asuba, a ajiye ruwa kusa. Da hunturu a ninka lokacin ɗumama jiki, kuma a yayyafa ruwa sosai saboda ƙura. Da azumi ni dakatar da bita mai nauyi nake yi, sai dai tafi da ƙirga da kallon bidiyo.

Kowace bita a fara da minti goma zuwa sha biyar na sassarfa, juya idon sawu, durƙuso da miƙewa. Ba a tsallake wannan ko an makara.

Wata na farko: tafiya kawai

Yara za su ƙosa, su ce, "Malam, yaushe za mu fara ta gaske?" Ka daure. Wata guda cur abin da za su yi shi ne tafiya a kan kiɗa kafaɗa da kafaɗa, gaba, baya, gefe, sannan juyi. Mako biyu na farko babu koroso a ƙafa, su tafa su taka. Mako na uku a ɗaura.

Daga ranar da aka ɗaura koroso, ga jarrabawar da nake yi musu kullum. Ina juya musu baya, ko in rufe ido, su yi taku talatin da biyu. In na ji sauti ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sun ci. In ya rabe a taku na goma sha tara, ina ɗaga hannu, a koma farko. Daga baya sai in sa su ma su rufe ido, su riƙe hannu, su taka. Nan ne za ka ga abin mamaki: yaron da yake kallon ƙafar abokinsa kullum yana makara, saboda kafin ido ya gani ya aika wa ƙafa, bugu ya wuce. Da ya rufe ido ya koma ga kunne sai ya daidaita.

A wannan watan ne kuma za ku tsayar da saurin kiɗa. Masu gasar duniya ba sa barin wannan ga sa'a. Hukumar wasan rawa ta duniya, WDSF, wadda hedikwatarta take Lozan a ƙasar Suwizalan, kuma kwamitin Olamfik ya amince da ita a 1997, ta ƙayyade wa kowace rawa saurinta. Wals gaɓa 28 zuwa 30 a minti ɗaya, kowace gaɓa bugu uku. Rumba 25 zuwa 27. Jaib 42 zuwa 44. Mu da muke rawa da makaɗa a raye, namu ya fi daɗi, amma ya fi haɗari, domin makaɗi in jama'a suka yi shewa hannunsa yakan ƙara wuta. Abin yi shi ne ka zauna da mai ganga da mai sarewa, ku yarda a kan sauri ɗaya, ka ƙirga taku nawa ake yi a daƙiƙa goma sha biyar ka ninka sau huɗu ka rubuta. Ka ɗauki kiɗan a waya, yaran su tafi da shi gida. Sannan lokaci-lokaci ka raɗa wa makaɗi ya ƙara sauri ba tare da sun sani ba, su koyi bin sa tare. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ta sauya a jikin su biyun lokaci guda.

Wata na biyu: mai ja da mai bi

Kamar yadda waƙa take da mai bayarwa da 'yan amshi, haka rawar mutum biyu take da mai ja da mai bi. Mai ja shi yake nuna lokacin juyi da inda za a nufa. Mai bi yana jiran alamar, ba ya riga ta ko da ya haddace abin da zai zo. Yawancin sababbi suna ja da ƙarfin dantse, suna fizgar abokin rawa. Daga kujerar alƙali wannan a fili yake: kafaɗa tana ɗagawa, wuya yana sanƙarewa.

Maganin da na samu mai arha ne. Ka samo karan dawa busasshe mai tsawon kamu ɗaya. Su tsaya fuska da fuska, kowa ya tokare bakin karan da tafin hannunsa, ba riƙewa. Mai ja ya yi gaba, mai bi ya ja baya, su zaga fili. In mai ja ya danna da ƙarfi karan zai karye. In mai bi ya gudu, ko ya saki jiki, karan zai faɗi. Dole su gano matsin da yake tsakani, kuma dole motsin ya taso daga ƙugu da ƙirji, hannu ya zama manzo kawai. Makon farko za ku karya kara da yawa. Idan suka iya zaga fili sau uku a kan kiɗa karan bai faɗi ba bai karye ba, a ajiye shi su riƙe hannu da wannan matsin.

Atisaye na biyu shi ne jingina. Su riƙe wuyan hannun juna, yatsun ƙafarsu kusa da juna, su jingina baya a hankali har kowa ya ji nauyinsa yana hannun ɗan'uwansa, sannan su durƙusa tare su miƙe tare. Duk wata siffa mai ban sha'awa da kake gani a koroso, inda ɗaya yake tanƙwarewa baya ɗaya yana tallafe da shi, daga nan ta samo asali. Wanda bai yarda abokinsa zai riƙe shi ba zai riƙa ɓoye rabin nauyinsa, siffar kuma ta fito a karkace.

Sau ɗaya a mako a musanya: mai ja ya bi, mai bi ya ja. Mai jan da ya ɗanɗana fizga a nasa hannun yakan daina yi wa wani.

Ɗagawa da tanƙwasa

Kada a taɓa su sai an ci wata biyun nan. A gasar duniya ta rawa goma, wato biyar na rukunin Turai, Wals, Tango, Wals na Biyana, Fokstirot da Kwikistef, da biyar na rukunin Latin, Samba, Ca-ca-ca, Rumba, Faso Dobile da Jaib, an ma hana ɗaga abokin rawa sama gaba ɗaya. A koroso kuwa yana cikin abin da jama'a suke jira, don haka sai a koya shi da kiyayewa. A shimfiɗa katifa, babba ɗaya ya tsaya kusa hannunsa a shirye. Mai ɗagawa ya lanƙwasa gwiwa, bayansa a miƙe, ya ɗaga da cinya. Wanda ake ɗagawa ya ɗaure cikinsa ya taimaka da tsalle a kan bugun da aka yarda. A fara koyon sauka kafin hawa. 'Yan firamare ba na bari su ɗaga juna sama da ƙugu.

In an yi targaɗe, a tsaya nan take, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti goma sha biyar zuwa ashirin, a ɗaga ƙafar. In yaro ya kasa taka ta, ko wurin ya kumbura sosai, a kai shi a ɗauki hoto, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan a cikin gari. Kuma kai da kanka za ka kai labari gidansu a ranar.

Tsara rawar gasa

Da farko ka samo ƙa'idojin gasar a rubuce: minti nawa, mutum nawa, makaɗa a raye ko na'ura, me alƙalai za su ba maki. Gasa tana zuwa daga ranar al'adu ta makarantu, daga jami'o'i, daga ƙananan hukumomi, har zuwa bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFEST, inda jihohi suke tura wakilai. In ba ka san inda za ka fara tambaya ba, ka je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take. Ka kai yaran ma su ga manya suna yi.

In masu gasar ba su faɗi abin da za su auna ba, ka ari ma'auni huɗu na WDSF, domin kusan duk alƙali a kansu yake kallo ko bai ambata ba: ingancin taku da tsayuwar jiki, tafiya da kiɗa, haɗin kan abokan rawa, sai tsarin rawa da yadda aka gabatar da ita. Lura da cewa biyu daga cikin huɗun, kiɗa da haɗin kai, su ne abin da kuka shafe wata biyu kuna yi.

Rawar ta kasance da shiga, da jiki, da ƙololuwa, da fita. Shiga ta zama mai sauƙi wadda ba za su taɓa kuskure ba ko gabansu yana faɗuwa. Siffa mafi wuya a ajiye ta wajen kashi biyu cikin uku na lokacin, kafin gajiya ta kama su. Siffa uku da suka nuna sun fi goma ɗanyu. Ƙa'idata ita ce duk abin da ba su yi daidai sau tara cikin goma a bita ba, ba ya shiga gasa. Fita kuma a tsara ta har bakin fili, domin alƙali yana kallo har sai sun ɓace. Kuma a bar wa koroso halinta: akwai wurin da abokan biyu suke ɗan rige-rige, wannan ya nuna tasa wancan ya mayar. A sa shi, amma a ƙirga shi, kowa taku takwas, sannan su koma sauti ɗaya.

In fili ɗaya za a haɗa ku da wasu, a koya musu zagawa ba karo. A gasar duniya, a rawar da ake zaga fili, kowa yana zagawa ne akasin juyin hannun agogo, kuma kauce wa karo aikin mai ja ne. Ka riƙa sa yara biyu su tsaya musu a hanya da gangan a lokacin bita.

Numfashi, waya, da faɗa

A zagayen ƙarshe na gasar duniya, ana yin rawa biyar a jere, kowace minti ɗaya da rabi zuwa biyu, da ɗan hutu kaɗan a tsakani. Darasin a nan shi ne a horar da jiki fiye da abin da gasa take nema. In rawarku minti huɗu ce, a wata na huɗu su riƙa yin ta sau uku a jere da hutun minti ɗaya. Ranar Asabar a yi sassarfa a filin sukuwa ko a hau matakalar Dala. Ka saurari koroso a zagaye na uku: a nan ne gajiya take raba sauti, a nan ne kuma za ka san ko sun isa.

Kowane mako a ɗauki bidiyo da waya, daga nesa, ta inda alƙali zai zauna. A kalla sau ɗaya babu sauti, a duba hannuwa da kawuna ko suna tafiya tare. A saurara sau ɗaya ba kallo. Kowa ya faɗi abu ɗaya da shi kansa zai gyara. Bidiyon nan kuma ba ya hawa TikTok ko Facebook sai da yardar iyaye.

Za su yi faɗa, yawanci a wata na uku. Dokata ɗaya ce: a filin bita ba a cewa "kai ne ka ɓata". Ana cewa "mu sake daga juyi". In abin ya yi tsami, ƙarami ya ce, "Yaya, a nan nake jin ka riga ni," babba ya saurara, ni in raba gardama da bidiyo. Maganar kuɗi kuma a gama ta tun ba a ci komai ba. In an samu kyauta, nawa ne na 'yan rawa, nawa na makaɗa, nawa za a zuba a asusun kaya, a rubuta a gaban iyaye. Na ga abokan rawa na shekara uku sun rabu a kan ambulan ɗaya.

Kaya

Yadi a Kantin Kwari, koroso da duwatsun ado da sauran kayan gargajiya a nema a Kasuwar Kurmi. Tela ya bar sarari a hammata da cinya, ya ninka ɗinki a wurin. Na 'yan mata ya zama mai rufe jiki ko an juya ko an sunkuya, ɗankwali a kafe shi da fil. Koroson su biyun a saye shi wuri ɗaya, a kaɗa a ji muryarsu ta yi kama. A naɗa tsumma mai laushi a ƙafa kafin a ɗaura don kada ya ƙuje fata. A yi bita da cikakken kaya aƙalla sau uku. Na taɓa kai yara wata gasa da sabon koroso da ba mu gwada ba, igiya ta kwance ana tsakiyar rawa, yaron ya taka ta ya tafi ƙasa. Laifina ne, kuma tun daga ranar igiya huɗu ta ajiya ba ta barin aljihuna.

Gasar gwaji

Saura mako uku, ka shirya gasa a gida. Ka gayyato tsofaffin 'yan rawa uku ko biyar su yi alƙalanci, lamba mara ta zama don kada a yi kunnen doki. Ka tara 'yan kallo, iyaye da ƙanne, a yi hayaniya yadda za a yi a can. A maƙala wa kowane biyu lamba a baya.

Wajen yanke hukunci ina amfani da tsarin da aka daɗe ana bi a manyan gasanni irin ta garin Bilakful a Ingila, gasar da aka fara tun 1920. A zagayen farko alƙali yana sa alama ne kawai a gaban waɗanda yake so su wuce. A zagayen ƙarshe, inda yawanci biyu-biyu shida suke rage, kowane alƙali yana jera su daga na ɗaya zuwa na shida. Wanda mafi rinjayen alƙalai suka ba na ɗaya shi ya ci: in alƙalai biyar ne, uku sun isa. In babu wanda ya samu uku, sai a haɗa na ɗaya da na biyu a sake ƙirgawa. Amfaninsa shi ne alƙali guda mai son kai ba ya iya kayar da kowa shi kaɗai. Bayan an gama, ka roƙi kowane dattijo ya faɗa wa yaran gyara ɗaya tak. Daga wannan rana ba a ƙara sabon taku, sai gogewa.

Ranar gasa

Jajibiri bita mai sauƙi, a kwanta da wuri. Da safe a ci abin da ciki ya saba, koko da ƙosai ko shayi da burodi, awa uku kafin a shiga fili, a riƙe dabino da ruwa. A isa da wuri a taka filin da ƙafa: siminti ne, kafet ne, akwai rami, ina alƙalai za su zauna, ina makaɗa za su tsaya. Makaɗa su kasance inda yaran za su ji su ba ta lasifika kaɗai ba, domin a babban fili sautin lasifika yakan iso a makare. Ka duba ɗaurin koroso da hannunka. A san lokacin salla a tsara ɗumama jiki a kansa, saura minti ashirin a kira su.

Kada ka cika musu kunne a bakin fili. Ni abin da nake ce musu bai wuce wannan ba: "Ku ji ganga, ku ji juna. In an yi kuskure kada fuska ta nuna, ku haɗu a juyi na gaba." Sai mu yi bismilla su shiga.

In an tashi, ka nemi takardar maki in ana bayarwa, ka gode wa alƙalai ko yaya sakamako ya kasance, ka sallami makaɗa a wurin, ka raka kowane yaro har ƙofar gida ka gaya wa mahaifinsa yadda aka yi. A huta mako guda. Ranar da aka dawo, a kalli bidiyon gasar sau ɗaya babu sauti, sau ɗaya babu kallo, a zaɓi gyara ɗaya da za a sa gaba a watan. Sannan su ɗaura koroso, ka juya musu baya, su fara taku talatin da biyu.